Cikin gari ko ƙauyen gefe: inda ya fi dacewa a kama gida a kewayen Kambirij

Duk wanda ya sami aiki a asibitin Addenbrooke's ko Royal Papworth, ko ya zo karatu Kambirij da iyali, abin da zai fara tayar masa da hankali shi ne kuɗin haya. Birnin na cikin wuraren da gida ya fi tsada a Ingila idan aka cire Landan. Sai mutum ya leƙa Rightmove, shafin intanet na tallan gidaje, ya ga gida mai ɗaki uku da lambu a wani ƙauye, kuɗinsa bai wuce na ɗaki biyu a cikin gari ba, ya ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama. To a dakata tukuna. Araha ba ta ado, kuma hayar ƙauye ba ta zama mai sauƙi sai an ɗora mata kuɗin zirga-zirga da na ɗumama gida an ga abin da ya rage.

Zaɓi uku ne a gaban mai neman gida a nan. Akwai cikin gari, kamar unguwannin Mill Road da Cherry Hinton. Akwai tsofaffin ƙauyukan da ke manne da birnin, irin su Great Shelford da Sawston da Histon. Sai kuma garuruwan da ke ɗan nesa, kamar Cambourne da Ely da Haverhill.

Cikin gari ba ya buƙatar dogon bayani. Gida ƙarami ne, haya da tsada, wurin ajiye mota ma wahala yake. Amma keke ya ishe ka zuwa aiki, domin ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce babu hawa babu gangara. Babban masallacin Kambirij da aka buɗe a 2019 yana kan Mill Road, kuma a titin ne shagunan naman halal da na kayan miya suke. Wanda ya zo shi kaɗai, ko ma'aurata da ba su da yara, ni dai a nan zan ce su fara.

Ƙauyukan kusa su ne masu ɗaukar ido, da gidajen jan bulo da shingen ganye da gonaki a bayan gida. Sai dai kalmar ƙauye a can ba ta nufin rahusa. Great Shelford na da tashar jirgin ƙasa, ga hanyar keke da ta miƙe har harabar asibiti, saboda haka masu hali sun riga kowa, kuma farashinsa kan kai na cikin gari ko ya ɗara. Sawston, mai tazarar kusan mil 7 kudu da birnin, ya fi shi sauƙi. Histon kuwa yana kan hanyar bas ta musamman da aka buɗe a 2011, wadda bas ke gudu a kan layinsa na siminti ba tare da shiga cunkoson motoci ba har ya iso bakin birni.

A garuruwan nesa ne ake samun sauƙin haya na gaske, musamman Haverhill. Amma a duba da kyau: an rufe tashar jirgin Haverhill tun 1967, sai bas ko mota ta hanyar A1307, wadda ke cika da safe. Cambourne, da aka soma ginawa a ƙarshen shekarun 1990, shi ma ba shi da jirgi, ko da yake gidajensa sababbi ne kuma akwai babban kantin Morrisons a tsakiyarsa. Ely ne ya fita daban, jirgi yana kai mutum Kambirij cikin ƙasa da minti 20.

Maganar mota ita ce ke raba gardama. Lasin tuƙin Najeriya ko Nijar wata 12 kawai yake aiki daga ranar da ka zama mazauni, kuma ba a musanya shi da na Birtaniya. Dole a sake jarabawa, ta rubutu da ta tuƙi, ga jiran layi mai tsawo kafin a sami rana. Inshora wajibi ce, kuma sabon zuwa da ba shi da tarihin tuƙi a ƙasar yana biya da tsada ƙwarai. Ga harajin hanya, ga gwajin lafiyar mota na MOT duk shekara ga motar da ta haura shekara 3. Bas kuwa, a tsarin gwamnatin ƙasa an ƙayyade kuɗin tafiya ɗaya a fam 2 a Janairun 2023, aka ɗaga zuwa fam 3 a Janairun 2025. Kuɗin ba shi ne matsala ba, lokacin ne. Ma'aikaciyar jinya da za ta karɓi aiki da sassafe ranar Lahadi, ko ta tashi bayan takwas na dare, ta buɗe jadawalin bas na ƙauyen ta duba waɗannan sa'o'in kafin ta sa hannu a kan komai. Tasi biyu ko uku a mako sun isa su cinye rarar hayar.

Sai ɗumama gida, wanda mutanenmu suka fi yin sakaci da shi domin ba mu saba da shi ba. Idan ka je duba gida ka zagaya baya ka ga wani koren tankin roba a gefen lambu, to gidan ba ya kan bututun gas, da kananzir ake ɗumama shi. Tanka ce ke kawowa, kuma galibi ba ta sauke ƙasa da lita 500, a biya nan take. Ƙayyade farashin makamashi da hukumar Ofgem ta soma a 2019 ya shafi gas da lantarki ne, bai haɗa da kananzir ba. A nemi takardar EPC, wadda ke auna yadda gida ke riƙe ɗumi daga A zuwa G. Doka ta hana ba da hayar gidan da ya gaza E, sai in yana da wani uzuri da aka yi wa rajista, amma tsohon gida mai E zai ci kuɗi daga Nuwamba har Maris fiye da sabon gida mai B. A nan sababbin unguwanni irin Cambourne sun fi tsofaffin ƙauyuka, komai kyansu a hoto.

Harajin ƙaramar hukuma mai haya ne ke biya, ba mai gida ba. An kasa gidaje rukuni takwas, A zuwa H, bisa darajarsu ta 1 ga Afrilu 1991, don haka babban gidan ƙauye kan faɗa rukunin da harajinsa ya fi yawa. Baligi ɗaya a gida yana samun rangwamen kashi 25 cikin ɗari, gidan da kowa ɗalibi ne na cikakken lokaci ba ya biya. Kuɗin ajiya da mai haya ke bayarwa a matsayin jingina kuma, tun dokar 2019, bai wuce hayar mako 5 ba a gidan da hayarsa ta shekara ba ta kai fam 50,000 ba, kuma dole mai gida ya saka shi ƙarƙashin tsarin kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30.

Cefane abu ne na tsari. Ƙaramin shagon Co-op na ƙauye yana da burodi da madara, amma ya fi Aldi da Lidl tsada. Manyan kantuna awa 6 kawai suke buɗewa ranar Lahadi. Nama da manja da attaruhu sai an shiga gari, shi ya sa firiza babba ke da amfani ga mazaunin ƙauye.

Abin da ya fi damuna ba kuɗi ba ne. Maƙwabta a waɗannan wurare masu mutunci ne, za su gaishe ka a bakin shinge, su karɓar maka saƙo in ba ka nan, amma ba a shiga gidan juna haka kawai. A watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu, wasu titunan ba fitila. Matar da mijinta ya fita da mota ɗaya tilo, ta wuni da jariri babu mai yi mata sallama, ita ce ke biyan farashin da ba a rubuta a yarjejeniyar haya ba. Kafin a zaɓi ƙauye a tambaye ta, a kuma lissafa yadda za a kai sallar Juma'a da yadda yara za su je islamiyya.

Ga mai yara 'yan makaranta, ƙauye na da nasa alherin: fili, natsuwa, da makarantar firamare da ake zuwa da ƙafa. Sau da yawa adireshin gida ne ke yanke makarantar da yaro zai samu, kuma idan mafi kusa ta wuce mil 2 ga ɗan ƙasa da shekara 8, ko mil 3 ga wanda ya kai, hukuma ce ke ɗaukar nauyin kai shi.

Mai niyyar saye kada ya yi gaggawa, ya fara yin hunturu ɗaya a haya a unguwar. In ya tashi saye ya tambayi lauya ko mallakar ta har abada ce ko ta wa'adin shekaru, ko akwai kuɗin kula da unguwa da sababbin rukunin gidaje ke ɗorawa duk shekara, sannan ya duba taswirar ambaliya ta gwamnati, musamman a ƙasar fadama da ke kewaye da Ely.