Zaman iyaye kan yaran da ke ji wa kansu ciwo: ya cancanci a je

Wata cibiyar lafiya a Yamai tana shirya wa iyaye da malaman makaranta zaman awa biyu kan yaran da ke ji wa kansu ciwo da gangan. Kyauta ne, kuma abin da ake koyarwa daidai ne.

Inda suka fi ƙoƙari shi ne gane alamu. An saba cewa a lura da mai sa riga mai dogon hannu cikin zafi. Wannan yana aiki ga yaro namiji a watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40, amma ga yarinya mai hijabi ba ya nuna komai. Sai ma'aikaciyar cibiyar da ke koyarwa ta kawo abin da ya dace da gidajenmu: yarinyar da ta daina alwala a tsakar gida, ko ta ƙi a sa mata lalle, ko ta tara awarwaro a hannu ɗaya. Ta kuma raba raunin da yaro ke ji wa kansa da tsagar wanzami. Tsaga rana ɗaya ake yin ta, ta warke tare, gida ya san da ita. Wannan kuwa sabon rauni ake gani kusa da tsohon tabo, galibi a hannun da yaron ba ya rubutu da shi, ko a cinya.

Yawancin yaran nan sauƙin ƙuncin zuciya suke nema, ba mutuwa ba, amma haɗarin kisan kai ya fi yawa gare su. Shi ya sa ake koya wa uwa ta keɓe ɗanta ta tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin mutuwa. Tambayar ba ta cusa masa tunanin. Duka, gori da tilasta masa rantsuwa kuwa ɓoyewa kawai suke koya masa.

Gargaɗinsu kan paracetamol ma yana da muhimmanci: wanda ya sha da yawa zai iya zama garau a ranar farko alhali hanta tana lalacewa, kuma makarinsa ya fi aiki cikin awa 8. A tafi asibiti nan take, kada a jira alama. Magunguna da maganin ƙwari a kulle su.

Gyaran da ake bukata: takardar da suke rabawa da Faransanci kaɗai take, kuma ba a sa wa iyaye ranar dawowa. Kafin ku tashi, ku nemi a ba ku rana, da takardar turawa wajen likitan ƙwaƙwalwa a babban asibitin ƙasa in raunin yana maimaituwa.