Gazali ko likitan Ostiriya: wanne ya kamata ki fara buɗewa?

Ƙanwata, Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Na karanta abin da kika rubuto: kun kwana biyu da ita a Daura kuna cewa zazzaɓi ne kawai, da kuka taso zuwa asibiti a Katsina lokaci ya riga ya ƙure, kuma wata takwas ke nan kina tuhumar kanki. Wani malaminku na jami'a ya ba ki Man's Search for Meaning na Viktor Frankl, kawunki kuma ya ce ki nemi Ihya'u Ulumiddin na Imam Gazali. Kina tambayar wanne ya fi. Na karanta duka biyun, kuma a ganina ba ciwo ɗaya suke magani ba.

Frankl likitan ƙwaƙwalwa ne, Bayahude ɗan Ostiriya. Ya yi kusan shekara uku a sansanonin 'yan Nazi, har da Auschwitz, ya fito a 1945 ya tarar babu iyayensa, babu ɗan'uwansa, babu matarsa. Littafin ya fito a 1946, ɗan siriri ne, dare biyu ya ishe ki. Gazali kuwa ya rayu daga 1058 zuwa 1111. Yana kan ganiyarsa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza sai a 1095 harshensa ya ɗaure, ya kasa koyarwa, abinci ma ya gagare shi, ya bar muƙamin ya fita yawon neman lafiyar zuciya. Ihya ɗan wannan fitar ne. Littattafai 40 ne a cikinsa, amma kada yawan ya razana ki, naki yana rubu'i na ƙarshe, inda ya yi maganar tuba, haƙuri da godiya, tsoro da kyakkyawan fata, da ƙauna.

A kan wahala, Frankl ya fi saurin kama hannun mutum, don daga cikin wutar yake magana. Ya ce za a iya raba ka da komai, ban da zaɓin yadda za ka ɗauki abin da ya same ka. Kuma ya ja kunne cewa wahalar da za a iya kawarwa, a kawar da ita, ba jarumta ba ce zama cikinta. Gazali ya fi shi bin diddigi. A wurinsa haƙuri kokawa ce tsakanin abin da addini da hankali ke kira gare shi da abin da son rai ke ja, kuma hawaye da zafin zuciya ba sa fitar da mutum daga sahun masu haƙuri. Da masu zuwa zaman makoki suna ta “sai haƙuri, daina kuka” sun karanta wannan babin, da sun rage wa mutane nauyi.

Ƙauna kuwa, nan ne na fi jin Frankl. Ya ba da labarin yadda ake kora su aiki da asuba cikin ƙanƙara, shi kuwa yana hira da matarsa a zuci, bai ma san ko tana raye ba. Akwai kuma wani tsohon likita da ya zo masa yana baƙin cikin rasuwar matarsa, sai ya tambaye shi: da kai ka riga ta fa, yaya za ta yi? Tsohon ya gane cewa shi ne ya ɗauke mata wannan kaɗaicin. Gazali ya lissafo sabubba biyar da ke sa a so wani, daga son mutum ga kansa da son mai kyautata masa har zuwa dacewar ruhi, sannan ya kai su duka ga Allah. Zurfi gare shi, amma karatun natsuwa ne, ba na mai sabon rauni ba.

Sai dai ainihin ciwonki shi ne “da na sani”, kuma a nan Frankl gajere ne. Shi zaluntarsa aka yi, don haka kaɗan ya taɓa maganar mai jin shi ne da laifi. Gazali kuwa ya warware tuba gida uku: sanin laifin, nadama, da aiki. Ki tsaya a na farkon. Kin san cutar mai kisa ce kika ƙi tashi? Ko kin yi abin da kowa a gidan ya ga ya dace da abin da kuka sani a ranar? Ilimin da kika samu bayan jana'iza ba shi za a auna ki da shi ba. In ma akwai sakaci, nadama a wurinsa ba masauki ba ce, aiki take haifarwa, kuma aikin a nan sananne ne: addu'a, sadaka, biyan bashinta, zumunci da 'yan'uwanta da ƙawayenta. Za ki kuma lura bai ɗora miki nauyin yafe wa kanki ba. Mai yafewa daban ne, kuma ya riga ya ce kada a yanke ƙauna daga rahamarsa, a aya ta 53 ta Suratuz Zumar.

Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki fara da sashen tsoro. Gazali da kansa ya ce kyakkyawan fata magani ne ga wanda tsoro ya yi wa yawa har yana cutar da kansa da iyalinsa, kuma ke ce wannan a yanzu. Na san wani zai ce Ihya na da hadisai masu rauni. Gaskiya ne, shi ya sa malamin hadisi Hafiz Iraƙi ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tantance ingancinsu, kuma yawancin bugu suna zuwa da bayaninsa.

Ki karanta Frankl wannan makon tunda yana hannunki. Ihya kuma kada ki shiga ke kaɗai, Larabcinsa da nauyi. Ki ce wa kawu ya zauna da ke bayan la'asar, ko ya haɗa ki da malama a cikin gari, ku fara da babin kyakkyawan fata sannan tuba. In kuma barci da abinci sun ci gaba da gagararki, ki je ki ga likita kafin ki kai ƙarshen ko wanne.