Gargaɗi ga 'yan'uwa a Jidda da Makka game da masu yi wa kwamfutar gem fomat

Assalamu alaikum. Akwai wata damfara da ta shigo cikinmu, kuma 'ya'yanmu da ƙannenmu masu kwamfutar buga gem ne take ci. Tallar tana yawo a guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp, da Hausa da Larabci: a yi maka fomat, wato a goge komai na cikin kwamfutar, a sa maka Windows orijinal, a mayar maka da duk manhajojin kamfani, kuma har gida za a zo a ɗauka. Babu shago, babu fatura (wato rasit), lambar waya ce kawai. Galibi ma wani na gida ne yake haɗa ku, ya ce ai namu ne, a Sharar Mansur, unguwar Hausawa a Makka, ya tashi. Wannan "namu ne" ita ce jarinsu, domin Bahaushe yana jin nauyin tambayar ɗan'uwansa shaida.

Gyaran kwamfuta nake yi a Jidda, kuma injinan da suka bi ta hannun waɗannan mutane suna zuwa teburina bayan ɓarna ta auku. Aikin nasu iri ɗaya ne. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne kusan duk abin da suke karɓar kuɗi a kansa, mai kwamfutar ya riga ya mallake shi tun ranar da ya saya.

Mu fara da lasisi, wato izinin amfani da Windows, wanda ake kunnawa da wasu lambobi da ake kira mabuɗi. Tun fitowar Windows 8 a 2012 manyan kamfanoni suka daina manna takardar mabuɗi a ƙarƙashin laftof. Mabuɗin a rubuce yake cikin BIOS, wato ƙaramin tsarin da ke fara tayar da injin, a jikin babban allon da ke cikin injin kansa, fomat ba ya goge shi. Idan ka sake ɗora nau'in Windows ɗin da injin ya zo da shi, ka haɗa da intanet, da kansa yake kunnuwa. Yawancin laftof na gem da Windows Home suke zuwa. Sai mutumin nan ya ɗora maka wani nau'in daban, Windows Pro, mabuɗin cikin allo bai dace da shi ba, rubutu ya fito a kusurwar sikirin cewa a kunna Windows, sai ya kira ka ya ce lasisinka ya tafi da fomat, sai an sayi sabo. Da gangan ne, domin tsarin da aka sauko da shi kai tsaye daga Microsoft yana karanta mabuɗin allo ya zaɓi Home ba tare da ya tambaye ka ba. Kamar mutum ne ya canja kwaɗon ɗakinka, sannan ya sayar maka da makulli.

Kuma ba lasisin gaske yake ba ka ba. Wata manhajar sata yake sawa, wadda take kwaikwayon tsarin KMS da manyan ma'aikatu ke kunna kwamfutocinsu da shi. Irin wannan kunnawa kwana 180 take yi, sai an sabunta. Kafin manhajar ta zauna, sai an kashe Defender, wato mai gadin kwamfutar. Duk wanda aka yi wa fomat kwanan nan ya buɗe Command Prompt, tagar rubuta wa Windows umarni, ya rubuta slmgr /xpr. Idan an ce injin a kunne yake dindindin, da sauƙi. Idan ya ga ranar ƙarewa, an yi masa. Umarnin slmgr /dlv kuma zai nuna ko lasisin OEM ne, wato na kamfanin da ya ƙera injin, ko kuwa na KMS.

A nan sai in yi adalci. Ana sayar da wasu laftof a kasuwar Saudiyya ba tare da Windows ba, waɗanda ake rubuta wa DOS a talla, shi ya sa suke da ɗan rangwame. Mai irin wannan dole ya sayi lasisi. Amma ya saya inda za a ba shi fatura.

Sai manhajojin kamfani, inda yara suka fi faɗawa. Laftof na gem ba kamar na ofis ba ne. ASUS yana da Armoury Crate, Lenovo yana da Vantage, HP yana da Omen Gaming Hub, Acer yana da PredatorSense da NitroSense, MSI yana da MSI Center, Alienware yana da Command Center. Waɗannan su ne suke juya gudun fanka, da yawan wutar da katin hoto zai sha, da fitilun madannai, a wasu injinan har da iyakar cajin batir. Idan babu su, yaro zai kunna gem ya ji injin ya ɗauki zafi, hoto yana tsinkewa, wasu maɓallan Fn sun daina amsawa. A zafin Jidda ba sai na faɗa muku abin da hakan ke yi wa injin ba. Sai ya koma wurin wanda ya yi fomat ɗin, shi kuma ya ce ai wannan wani aiki ne daban, manhajojin wakilin kamfani ne, kuɗinsu daban. Wallahi kyauta ne. Kowace ɗaya tana shafin kamfanin, wasu ma suna cikin Microsoft Store. Ka shiga sashen tallafi, ka rubuta samfurin injinka ko lambar siriyal da ke ƙarƙashinsa, direbobi (ƙananan manhajojin da ke sa Windows ta gane sassan injin) da manhajoji su fito maka.

Abin takaicin shi ne yawancin waɗannan injina ba su ma buƙaci fomat na waje ba. Kamfani yana ɓoye wani sashe a cikin SSD, wato faifan ajiyar bayanai, wanda zai mayar da injin yadda ya fito daga kwali, da direbobinsa da manhajojinsa. A lokacin kunnawa ake shiga: F11 a HP, F9 a yawancin ASUS, F3 a MSI, Alt da F10 a Acer, F12 a Dell, ɗan maɓallin Novo a Lenovo. Abu na farko da ɗan damfara yake yi shi ne share wannan sashen, don ka zama ba ka da inda za ka sai wurinsa. Ko an share, ba a rasa komai ba tukuna, domin Dell da HP da Lenovo suna ba da damar sauko da tsarin asali na injuna da yawa ta lambar siriyal, a ɗora a filasha.

Mafi muni a wurina ita ce maganar "SSD ɗinka ya mutu". A laftof da yawa masu Intel daga ƙarni na 11 zuwa sama, idan ana ɗora Windows daga filasha, za a kai wurin zaɓen faifai a tarar babu komai. Faifan lafiyarsa ƙalau, direban Intel RST ne kawai tsarin bai gani ba, saboda wani saiti da ake kira VMD. A sa direban a filashar, a danna Load driver, faifai ya bayyana. Duk mai gyara ya san wannan. Shi kuwa sai ya ɗauki hoton sikirin ya turo maka a matsayin shaida, ya ce sai an sayi sabo. Ka biya, ya sa maka ƙarami ko tsoho, ya riƙe naka mai lafiya ya sayar wa wani. Na buɗe injin da kwalinsa ya nuna 1 TB na tarar da 256 GB a ciki, kuma ɗaya daga sandunan RAM biyu babu ita. Mai injin ɗalibi ne, mahaifiyarsa ce ta yi adashi ta saya masa. Shi kuma faifan da ya tafi, har da hotunan iyali da kwafin iƙama da fasfo a cikinsa.

Akwai kuma abin da suke kira Windows na musamman don gem, wai ya fi sauri. An cire masa Defender da Windows Update ne, kuma ba ka san abin da aka cusa a madadinsu ba. Wasu suna kashe saitunan tsaro na Secure Boot da TPM don ya zauna, sai gem ɗin Valorant ya ƙi tashi, tunda a Windows 11 yana buƙatar su duka biyun. Wasu kuma su mayar da kai Windows 10 su ce ya fi sauƙi, alhali Microsoft ta rufe tallafinsa na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025. Cikin irin waɗannan tsare-tsaren da aka yi wa kwaskwarima ake ɓoye ƙwayoyin da ke kwashe kalmomin sirri daga burauza, da asusun Steam (kasuwar sayen gem) da Discord (dandalin hira). Na kuma ga an bar AnyDesk, manhajar da ke ba wani damar sarrafa kwamfutarka daga nesa, a kunne, wai don taimako daga nesa idan matsala ta taso.

Iyaye, nan ne maganar ta wuce ta gem. Kwamfutar yaro ita ce kwamfutar gida. A kanta ake shiga Absher, dandalin hidimomin gwamnati, a kanta ake duba banki. A ƙasar nan rayuwar mutum duk a ɗaure take da lambar iƙamarsa. Idan bayan gyara wani ya kira ya ce a amince da wata buƙata a Nafath, manhajar gwamnati ta tabbatar da shaidar mutum, don a kunna garanti ko lasisi, a kashe wayar. Babu wani gyaran kwamfuta da yake buƙatar Nafath, ko lambar da banki ya turo ta saƙo.

Wanda injinsa ya yi nauyi, ya fara da kansa. Ya kwashe fayilolinsa zuwa wani faifai, ya shiga asusunsa na Microsoft ya rubuta mabuɗin BitLocker (makullin da Windows ke rufe faifai da shi) mai lambobi 48 idan akwai, sannan ya je Settings, System, Recovery, ya zaɓi Reset this PC. Idan hakan bai wadatar ba, Media Creation Tool na Microsoft, wanda ke ɗora Windows a filasha, kyauta ne, filasha mai 8 GB kawai yake nema. In kuwa injin yana cikin garanti, wanda a nan shekara 2 ne ga kayan lantarki, wurin wakilin kamfani za a kai shi da faturar saye, kada a bari kowa ya kwance masa noti.

Idan dole sai mai gyara, akwai masu amana da yawa, cikinmu da wajenmu, kuma ladan aikinsu halas ne. Alamar mai amana ita ce yana da shago, yana ba da fatura mai lambar QR, kuma ba ya jin haushi don ka ce za ka zauna a yi a gabanka. Kafin ka miƙa, buɗe Task Manager ka ɗauki hoton girman RAM da sunan faifai da katin hoto, ka bari ya ga kana ɗauka. Da ka karɓa ka gwada, kafin ka biya.

Wanda kuma aka riga aka yi wa, ya cire injin daga intanet yanzu. Ya canja kalmomin sirri daga wayarsa, imel da farko, ya kunna Steam Guard, wato ƙarin kariyar asusun Steam, ya sanar da bankinsa idan ya taɓa shiga ta kwamfutar, sannan a share komai a ɗora Windows mai tsabta. Idan shago ne ya cuce ka, Ma'aikatar Kasuwanci tana karɓar ƙara ta lambar 1900 da manhajar Balagh Tijari. Idan asusu aka sace ko aka taɓa kuɗi, akwai manhajar Kollona Amn. Na san wasunmu ba za su iya kai ƙara ba saboda matsalar takardu, kuma masu wannan aikin sun san haka, shi ya sa suke zaɓenmu. Wanda ke cikin wannan hali ya kai maganar wurin dattawan unguwa da masu kula da guruf ɗin da ya ga tallar, da hoton hirarsu da shaidar kuɗin da ya tura, a cire tallar kafin ta kai ga wani yaron.