Mustang 1966 mai fizgar sitiyari a gargada: saukewar Shelby ko tayarod mai zobba?

Ɗan'uwa, ga yadda ka kawo maganar. Kana da Mustang ƙirar 1966 mai injin V8, an rage mata tsayi da inci ɗaya da rabi da gajerun sifirin, an cire birkin ganga an ɗora sifindil (ƙarfen da taya ke juyawa a kansa) da faifan birki na Ford Granada. Tun daga lokacin, da taya ta taka tudu ko ta faɗa kwari sai motar ta zabura gefe, alhali hannunka bai motsa sitiyari ba. An kai ta alaimen sau biyu, ba ta daina ba. Wasu sun ce ka yi saukewar Shelby, wato sauke mahaɗin hannun sama na ƙafar gaba, wasu sun ce ka sayi tayarod na waje mai zobba (tayarod shi ne sandar da ke kai motsin sitiyari ga taya). Kana tambaya wanne ne maganin.

Ciwo biyu ne daban, kowanne da maganinsa. Saukewar Shelby tana gyara yadda taya ke kishingiɗa idan mota ta shiga kwana, wato kamba. Tayarod mai zobba yana gyara yadda bakin taya ke juyawa ciki ko waje yayin da ƙafa ke hawa da sauka, wanda masu harkar ke kira bam-sitiya. Abin da ka bayyana na biyun ne. Duk da haka kada ka yi gaggawar sayen tayarod, domin na farkon yana taɓa na biyun, kuma sifindil ɗin da aka sa maka yana da hannu a cikin matsalar.

Asalin fizgar a nan yake. Hannun sama da hannun ƙasa, waɗanda ke haɗa sifindil da jikin mota, da kuma tayarod, kowanne yana lilo a kan mahaɗinsa na ciki, bakinsa na waje yana zana baka. Idan bakan tayarod ya dace da na hannayen biyu, taya za ta hau ta sauko tana kallon gaba. Idan bai dace ba, tayarod zai ja kunnen sifindil, wato ɓangaren da yake kamawa, ciki ko ya tura shi waje, sai taya ta juya da kanta. Injin alaimen ba zai nuna wannan ba, don yana auna mota ne tana tsaye a tsayi ɗaya. Shi ya sa aka ba ka takarda mai lambobi masu kyau, motar kuma tana nan da halinta.

Saukewar Shelby, wadda aka fi dacewa a kira ta saukewar Arning, dabarar injiniyan Ford ne Klaus Arning, kuma Carroll Shelby ya yi amfani da ita a GT350 ta 1965. Yadda motar ta fito daga kamfani, hannun sama yana gangarowa daga jikin mota zuwa bolojoyin, mahaɗin ƙwallon da ke haɗa shi da sifindil. Idan ƙafa ta danne, kan sifindil sai ya fita waje, tayar da ke ɗauke da nauyi a kwana ta kishingiɗa waje ta hau kan gefenta. Maganin shi ne a huda sabbin ramuka biyu a gidan shokazoba, a sauke mahaɗin hannun. A ƙirar 1965 da 1966, inci 1 ƙasa da 1/8 na inci baya. A ƙirar 1967 zuwa 1970, inci 1 ƙasa kawai. Tazarar ramukan ma ta bambanta, inci 3.75 a tsofaffin, 4.75 a na baya, don haka farantin awon wannan ba ya aiki a waccan. Ana ɗaure farantin a tsofaffin ramukan, a fara da ƙaramin bakin dirila, a riƙa ƙarawa har 17/32 na inci. Kada a zana da alli a huda da ido. Ramin da ya kauce da milimita biyu zai bar ka kana faɗa da kasta, wato karkatar sifindil gaba ko baya, har abada.

Ribar tana da yawa a kan kuɗi kaɗan: taya tana zama daram a kwana, jiki yana rage kwanciya, gefen taya na waje yana daina cinyewa, gaban motar yana ƙara sauka da kusan rabin inci. Iyakarta inci ɗaya ne da hannun kamfani. Wanda ya wuce haka ba tare da gyara kusurwar bolojoyin na sama ba, bolojoyin zai kai ƙarshen lilonsa kafin ƙafa ta gama dannewa, ya cije, kuma yana iya karyewa. Sannan a Mustang sifirin a kan hannun sama yake zaune, sai da matsin sifirin mai shiga ta ciki ake cire shi. Wannan wurin ba na dabara ba ne, sifirin da ya kuɓuce yana kisa.

Shi kuma tayarod mai zobba, irin wanda Baer da wasu kamfanoni ke sayarwa, yana maye gurbin tayarod na waje da hannun riga mai zare, da kan ƙwallo da ake kira haim, da doguwar ƙusa mai shiga kunnen sifindil. Tsakanin kunnen da kan ƙwallon ake jera zobban ƙarfe masu kauri daban-daban. Ƙara zobe yana sauke bakin tayarod, cirewa yana ɗaga shi. Aikinsa ke nan, ba ya taɓa kamba ko kaɗan. Wasu suna da ƙusa mai tsini da ta dace da ramin kunnen, wasu kuma sai an faɗaɗa ramin zuwa 5/8 na inci a sa bolti miƙaƙƙe. Zaɓi mai tsinin, ka tabbatar na Granada ne, domin ramin kunnen Granada ya fi na 1966 faɗi. Kunnen da aka huda ba ya komawa.

Idan aka jera su kafaɗa da kafaɗa, bambancin ya fito fili. Saukewar Shelby awo ɗaya ne da aka sani, kowa ya bi farantin zai samu sakamako iri ɗaya; tayarod mai zobba ba shi da awon da za a ba ka, kaurin zobban sai motarka ta faɗa, kuma hagu da dama suna iya bambanta. Ta farko ba ta ƙara wani abin da zai lalace, hannun da bolojoyin na kamfani ne. Na biyun yana kawo haim, wanda galibi ba shi da robar rufi kuma ba a yi masa giris, ƙura da ruwa suna cinye shi da wuri fiye da tayarod na kamfani, sai an riƙa girgiza shi ana dubawa. Kuskure a ta farko yana kashe taya. Kuskure a na biyun yana iya ninka fizgar, domin zobban da aka jera da ka suna iya kai bakin tayarod nesa da inda ya kamata fiye da yadda yake a da. Akwai kuma haɗari uku da ake yawan mantawa. Zobba masu yawa suna mai da ƙusar doguwar sanda mai neman lanƙwashewa. Kan ƙwallon da ya sauka sosai yana iya gogar cikin rim, musamman mai inci 14 ko 15. Kuma dole a sa washa mai faɗin da ya fi ramin haim a ƙarƙashinsa, yadda ko ƙwallon ya fice tayarod ba zai faɗi ba.

Yanzu sifindil. Na Granada, ƙirar 1975 zuwa 1980, kunnensa ya fi kusa da na Mustang 1967 zuwa sama, shi ya sa yake zama lafiya a waɗancan. A 1965 da 1966 kunnen ba ya faɗa inda sandar tsakiya, mai haɗa tayarod na hagu da na dama, ke bukata, kuma rage tsayi yana tsananta abin, don ƙafar tana aiki a ɓangaren baka da kuskuren ya fi girma. Akwai sabbin sifindil da ake ƙerawa masu ɗaukar birkin Granada amma da kunnen 1965 da 1966. A ganina wannan ya fi dacewa da motar hawa ta yau da kullum: an cire tushen matsalar, an ci gaba da tayarod mai giris. Ya fi tsada, kuma ko da shi sai an auna.

Tsarin aikin yana da muhimmanci ƙwarai. Da farko a kawar da lalatattun kaya: aidila am (hannun da ke tallafe sandar tsakiya) mai wasa sama da ƙasa, bushin hannun ƙasa, bushin sandar da ke riƙe hannun ƙasa daga gaba, wasan akwatin sitiyari, da tsagewar gidan shokazoba. Ko ɗaya daga cikinsu yana kwaikwayon bam-sitiya. A waccan sandar ta gaba a bar bushin roba. Mai tauri na foliyuritan yana hana ta lilo har ta karye a wajen zare. Bayan haka a yi saukewar Shelby, sannan a saita kasta, sannan a auna. Dalili kuwa, a Mustang tayarod a bayan tsakiyar taya yake, ƙara kasta yana mirgina sifindil baya, kunnen ya sauka. Kunne mai tsawon inci 6 yana sauka da kusan 0.1 na inci a kowane digiri. Wanda ya jera zobba kafin kasta ya yi aikin banza. A 1965 da 1966 da fallayen ƙarfe a bayan hannun sama ake saitawa: ƙara 1/32 na inci a boltin gaba yana ba da kusan rabin digiri na kasta. Da tayoyin radiyal na zamani, nemi kasta digiri +2 zuwa +3, kamba digiri 0 zuwa -0.5, bakin tayoyi a ciki da 1/16 zuwa 1/8 na inci gaba ɗaya. Lambobin littafin kamfani na tayoyin zamanin da ne. Ka san dai sitiyari marar fawa zai ƙara nauyi a wajen fakin.

Awon ba ya bukatar kayan tsada. Motar tana ƙasa, auna daga tsakiyar hob zuwa leɓen modigad, ka rubuta. Ɗaga ta a kan sanduna huɗu a daidaice, cire taya, sifirin da shokazoba, kwance sitabilaiza, ɗaure sitiyari a tsakiya yadda ba zai motsa ba. Sa jak a ƙarƙashin hannun ƙasa ka ɗaga har awon farko ya dawo. Manna madubi a fuskar faifan birki, ka matse faifan da notin taya, ka hana shi juyawa. Tsayar da fitilar leza mita 3 daga gefe tana kallon madubin, da kwali a kusa da ita inda hasken zai dawo. Madubin ya zama mai tsayin da hasken ba zai fita daga kansa ba. Yi alama, sannan ka riƙa ɗagawa rabin inci rabin inci har inci 2 ko 2.5 sama, ka dawo ka sauke inci 2 ƙasa, kana alama a kowane mataki. Motsin ɗigon sama da ƙasa kamba ne, rabu da shi. Motsinsa gaba da baya shi ne fizgar. A wannan nisan, milimita 10 daidai yake da kusan 0.1 na digiri, wato kimanin 0.045 na inci a taya mai tsayin inci 26.

Ga yadda ake karanta shi a mota mai tayarod a baya. Idan bakin taya yana buɗewa waje a hawa, yana shiga ciki a sauka, bakin tayarod ya yi sama da yawa, a ƙara zobe. Idan akasin haka ne, ya yi ƙasa da yawa, a rage. Idan kuwa yana buɗewa waje a hawa da sauka duka, tayarod ya yi gajere. Idan yana shiga ciki a duka biyun, ya yi tsawo. Waɗannan biyun zobba ba sa gyara su, matsalar tana mahaɗin ciki ko wurin kunnen, kuma ita ake yawan gani a motocin da aka sa wa rak ɗin sitiyari na wata mota. Canza zobe da 1/16 na inci a lokaci guda, ka mayar da bakin taya daidai, ka sake zagaye. Sifili ba ya samuwa a duk tafiyar ƙafar. Mayar da hankali kan inci 2 na hawa da inci 1 na sauka, inda mota ke rayuwa, ka nemi ƙasa da 0.020 na inci a kowane inci. Abin da ya rage gara ya zama ɗan buɗewa waje a hawa, don yana sa mota ta natsu a kwana. Shiga ciki yana sa ta ƙara cusa kai ba a sa ta ba.

Masu motocin kamfanin General Motors (GM) su lura, maganin ba ɗaya ba ne. Camaro da Firebird na 1967 zuwa 1969 tayarod ɗinsu a baya yake kamar Mustang, kuma sauke bakinsa da kusan rabin inci yana taimaka musu. Kwatankwacin saukewar Shelby a wajensu shi ne gyaran Guldstrand, wanda shi ma sauya wurin mahaɗin hannun sama ne, ko dogon bolojoyin na sama. Chevelle da GTO na 1964 zuwa 1972 tayarod a gaba yake, ƙa'idar karatun ta juye, kuma kunnensu ya riga ya yi ƙasa. Zobba a nan ƙara ɓarna suke yi, dogon bolojoyin na ƙasa ne ke ɗaga kunnen.

A motarka, bayan saukewar Shelby da kasta, idan awo ya nuna zobban da ba su wuce rabin inci ba za su miƙar da layin alamomin da ka yi a kwali kuma rim bai taɓa ba, sayi tayarod mai zobba. Idan ana bukatar fiye da haka, ko layin ya lanƙwashe gefe ɗaya a hawa da sauka, canza sifindil. Kowanne ka yi, kafin ka mayar da sifirin ka juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, ƙafa tana can sama sannan tana can ƙasa, ka kama tayarod da hannu ka murɗa. Idan ya ƙi murɗawa a wani wuri, ya cije, kuma motar ba ta hau titi ba sai an gyara wannan.