Kafinta ko mai ɗora kwano: wa za ka ba rufin gidanka?

Da zarar gini ya wuce linta a Birnin Kebbi, shawara kan yi yawa. Wannan ya ce ka kira kafintan unguwa, wancan ya ce zamani ya wuce nan, ka nemo masu ɗora dogon kwanon alminiyam. Kai kuma damina na ƙaratowa, kuɗin hannunka a ƙirge suke. Abin da zai sauƙaƙa maka shi ne ka tuna rufi aiki biyu ne: haɗa katakon da ke ɗaukar nauyi, da shimfiɗa kwanon da ke tare ruwa.

In kwano na gama-gari za ka sa, wanda ake sayarwa bandir-bandir, falle 20 a bandir, kafinta ɗaya ya ishe ka. Shi zai haɗa katako, shi zai buga kwano, kuma in an sami yoyo ka san ƙofar gidansa. Haka gyare-gyare: canza katakon da gara ta cinye, ɗaga rufin da ya lotsa, buga silin. Kiran masu alminiyam a kan irin wannan ɓarnar kuɗi ce.

Dogon kwano kuwa wani abu ne daban. A kamfani ake yanko shi daidai tsawon rufinka, daga tsororuwa har baki, babu haɗi a tsakiya. In awo ya gaza da taƙi ɗaya, ba a mayarwa. Ga shi da laushi, wanda bai saba ba yana taka shi zai loɓa. Wurin da ya fi ba da wahala shi ne kwarin da rufi biyu suka haɗu, da gindin rawani, wato ɗan bangon da ke kewaye saman gini, inda ruwa ke taruwa kafin ya bi indararo. A nan hannun wanda kullum aikinsa ke nan ya fi na kafinta. Ka kuma tambayi kauri, domin mai milimita 0.45 da mai 0.55 ba kuɗinsu ɗaya ba, a sa maka ma'auni a gabanka ranar da aka sauke kaya.

Matsalar da na fi jin tsoro tana tsakanin mutanen biyu. A gidan yayana a Badariya, kafinta ya gama katako ya karɓi kuɗinsa, masu kwano suka zo bayan mako biyu suka rufe. Ruwan farko, sai ga silin ɗin falo ya yi taswira, ruwa na ɗiga daidai kan kujera. Mai kwano ya hau ya sauko ya ce, "Alhaji, ai gangarar ce ba ta isa ba, aikin kafinta ne." Kafinta ya ce shi abin da aka ce ya yi ya yi. Ƙarshe yayana ne ya sake biya. Da an haɗa su tun farko, mai kwano ya duba gangara da tazarar katako ya ce ya yarda kafin a yanko falle ko ɗaya, da ba a kai nan ba. Don haka ko ka ba mutum ɗaya jingar duka ya nemo ɗan'uwansa, ko ka tsayar da su biyun a gabanka rana ɗaya.

Sai iskar farkon damina, wadda duk shekara take kwashe rufin mutane daga nan har Argungu da Jega. Sau da yawa za ka tarar kwano da katako sun tashi tare, domin ba a ɗaure katakon da jikin gini ba. Wannan aikin kafinta ne da magini: a bar rodi a cikin kankaren saman bango, a lanƙwasa shi a kan katakon da ke kwance. Ka hau ka gani da idonka kafin a rufe. Kafintan da ya ce ƙusa kaɗai ta isa, ni dai ba zan ba shi gidana ba.

Katakon ma ka sa ido. Ɗanye yakan murɗe in ya sha hunturu da zafin bazara, ƙusa ta saki. A shafe shi da maganin gara kafin a hau da shi. Masu hali yanzu suna komawa ga ƙarfe, amma wannan kuma sai mai walda.

Wajen biya, ka ba da kafin alƙalami, ka sayo kaya da kanka ko ka bi mai aikin kasuwa, sannan ku yi yarjejeniya a gaban shaida cewa wani kaso zai zauna a hannunka har ruwa mai ƙarfi ya sauka a kan rufin sau ɗaya ko biyu. Kafin nan ma, ka ce ya kai ka gidan da ya rufa shekara biyu ko uku da suka wuce, ka yi sallama da maigidan, ka roƙi ya bar ka ka ɗaga kai ka dubi silin.