Ƙaramar Tukunyar Gas Mai Kilo Uku: Ko Ta Cancanci Kuɗin Ɗalibi?

A cikin kayan da ɗalibi yake haɗawa idan zai koma makaranta, ba kasafai ake samun wanda ake jayayya a kansa kamar abin girki ba. Iyaye da dama har yanzu risho suka sani, domin da shi suka yi nasu karatun, yayin da wasu ɗalibai suka fi karkata ga murhun lantarki saboda ba a cajin kuɗin wuta daban a ɗakunan kwana na makaranta. Sai dai duk wanda ya leƙa gidajen hayar ɗalibai a Dambare, daura da sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ko a Samaru ta Zariya, zai tarar cewa ƙaramar silindar gas mai kilo uku, wadda ake ɗaura mata kan murhu a bisanta, ita ce ta mamaye ko'ina. Da ita na yi girki a tsawon zaman karatuna, kuma hukuncina a kanta shi ne ta cancanci a saye ta, amma ba don gas yana da arha ba. Darajarta ita ce tana ba ɗalibi damar dafa wake da sauran abinci mai gina jiki a lokacin da ya ga dama, wanda kuma ba zai yi hakan da ita ba, bai ci moriyar kuɗinsa ba.

Yana da kyau a tuna cewa ba a haka jami'o'inmu suka faro ba. A da gwamnati ce take ɗaukar mafi yawan nauyin ciyar da ɗalibai, har ma ƙarin kwabo hamsin da aka yi a kan kuɗin abincin yini a shekarar 1978 ya haddasa zanga-zangar da ɗalibai suka nemi a tsige Kanar Ahmadu Ali daga kujerar kwamishinan ilimi na tarayya, aka kuma rasa rayuka a Legas da Zariya. A shekarun 1980 aka janye wannan tallafi, tun daga nan cikin ɗalibi ya koma wuyansa da na iyayensa. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, hauhawar farashin kayan abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024 bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Asusun rancen ɗalibai na NELFUND kuwa naira 20,000 yake bayarwa a wata a matsayin kuɗin ɗawainiya, wato abin da bai kai naira 700 a rana ba, kuma kwano ɗaya mai ɗan nama a wajen mai abinci yana iya lamushe shi gaba ɗaya. Da wannan lissafi ya kamata a auna silindar, ba da kyawun fentinta ba.

Ƙirarta ba ta da wani sarƙaƙiya. Silinda ce gajera, da kan murhu da ake murɗawa kai tsaye a bakinta, da ƙarfe zagayayye da tukunyar girki take zama a kai, da makunni guda da ake ƙara wuta ko a rage. Babu tiyo, saboda haka an huta da matsalar tiyon da ya tsage ko ɓera ya ci. Mutum ɗaya yana iya ɗaukarta da hannu guda ya hau adaidaita-sahu ya je ya cika ta, kuma tana shiga lungun ɗaki ba tare da ta tare hanya ba. Babban nauyinta a kan aljihu shi ne ranar farko, lokacin da za a sayi silindar da kan murhun a kuma zuba gas a lokaci guda, domin kuɗin ya ninka na risho. Daga nan kuma lissafin yakan juya, saboda tun da aka daina tallafa wa kananzir, sau da yawa farashin lita ɗaya tasa yakan zarce na kilo ɗaya na gas, alhali kilon gas ya fi litar kananzir daɗewa a kan wuta. Ga kuma baƙin da risho yake shafa wa tukunya, da warinsa da yake kama abinci da tufafi, da wahalar sauya lagwani. Murhun lantarki ba ya buƙatar dogon bayani: ranar da aka ɗauke wuta shinkafa tana tsakiyar tafasa, ranar ɗalibi yake sanin matsayinsa.

Inda silindar ta fi burge ni shi ne yadda wutarta take bin umarni. Ana iya rage ta ƙasa sosai ta tsaya a haka, kuma wannan shi ne sirrin dafa wake ba tare da an ƙarar da gas ba. Ɗalibai da yawa suna gudun wake da hujjar cewa yana shan wuta, sai su koma ga taliyar leda da garin kwaki safe da dare, su cika ciki amma jiki bai samu abin da yake nema ba. Alhali kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen wake sinadarin gina jiki ne, kuma Najeriya da Nijar ne kan gaba a duniya wajen noma shi, don haka babu nama ko kifin da zai zo kusa da shi a sauƙin farashi. Idan aka haɗa shi da shinkafa, abin da ɗaya ya rasa na wannan sinadari ɗayan yana cike shi, wanda yake nufin garau-garau da ake yi wa kallon abincin marar galihu ya fi abinci masu tsada da yawa amfani, musamman idan aka yanka masa tumatir da albasa da ɗan kabeji ko latas.

Dabarar ita ce a jiƙa waken tun da dare, ko da safe kafin a tafi aji, a zubar da ruwan jiƙon, a ɗora shi da sabon ruwa a rufe tukunya ruf. Da zarar ya tafasa sai a mayar da wutar ƙasa, domin ruwan da yake tafasa a hankali da wanda yake ɓulɓula da ƙarfi zafinsu ɗaya ne, bambancin kawai shi ne na biyun yana ƙone kuɗi. Wanda yake son ƙarin tsimi yana iya sauke tukunyar bayan ta ɗauki ɗan lokaci tana tafasa, ya naɗe ta da tsohon bargo ko babban tawul, ya bar zafin da ke ciki ya ƙarasa aikin. Kanwa tana saurin nunar da wake, kowa ya san haka, amma tana lalata wani ɓangare na bitamin da ke cikinsa, saboda haka ɗan ƙanƙani ya wadatar, wanda ya jiƙa wakensa kuma kusan ba ya bukatarta. Da irin wannan kula, cikawa ɗaya tana iya kai mutum ɗaya kusan wata guda yana girki kullum. Wanda yake dafa ruwan wanka da ita a lokacin hunturu kuwa, kada ya zargi kowa idan ta ƙare a mako biyu.

Ban da wake, ta dace da yawancin abin da ɗalibi zai iya ajiyewa ba tare da firji ba. Ɗanwake ba ya ɗaukar lokaci idan akwai garinsa a hannu. Kamu yana zama koko cikin 'yan mintuna, idan aka samu ƙuli-ƙuli ko ƙosai an gama karin kumallo. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da ɗan busasshen kifi suna yin miya mai kyau, kuma duk suna jure zama a kwali. Zogale, idan aka dafa shi aka kwaɗa da ƙuli-ƙuli, ya toshe gurbin ganyen da ɗalibai suka fi sakaci da shi. Awara kaɗai nake ba da shawarar a saya a wajen masu yi maimakon a ce za a haɗa a ɗaki, domin tafasa madarar waken suya da suyar da ke biye suna cin gas fiye da ribar da za a samu.

Aibinta na farko shi ne baki ɗaya gare ta. Sai an sauke shinkafa kafin a ɗora miya, kuma wannan ne ya sa masu ita suke ƙarewa a dafa-duka ko suna so ko ba sa so. Na biyu, kuma wanda ya fi damuna, shi ne rashin daidaiton zamanta. Tukunyar girki tana can sama a kan ƙarfe siriri, gindin silindar kuma ba shi da faɗi, don haka babbar tukunya ko tuƙin tuwo yana iya kifar da komai, ga tafasasshen ruwa ga wuta a buɗe. Wanda zai tuƙa tuwo gara ya sauke tukunyar ƙasa ya tuƙa, sannan ya mayar ta turara. Na uku, ba ta da abin da yake nuna yawan gas da ya rage, sai dai a ɗaga ta a ji nauyi, kuma ta fi son ƙarewa da dare a makon jarrabawa. Kan murhun da ake haɗowa da ita ma sau da yawa mai rauni ne, ramukansa suna toshewa da zubar miya har wutar ta koma ja tana baƙanta tukunya. Shuɗiyar wuta ita ce alamar gas yana ƙonewa yadda ya kamata, idan ta sauya launi sai a bari kan murhun ya huce, a kwance shi a goge ramukan.

Wajen cikawa ma akwai abin lura. A jikin kowace silinda ta ƙwarai an buga nauyinta lokacin da ba komai a ciki, don haka mai saye yana da ikon ya nemi a ɗora ta a sikeli kafin a zuba da bayan an zuba, ya ga ko bambancin ya yi daidai da kuɗin da ya biya. Manyan tashoshin gas sun fi ƙananan shagunan unguwa sauƙin farashi a bisa al'ada, ko da yake sai an haɗa da kuɗin abin hawa kafin a san wanne ya fi. Kada kuma a yarda a cusa mata fiye da kilo ukun da aka ƙera ta dominsa da sunan kyauta, saboda sararin da ake bari a sama shi ne yake ba gas wurin buɗewa idan zafi ya tashi, zafin Kano da Sakkwato a watan Afrilu kuwa ba abin wasa ba ne.

Batun tsaro shi ne dalilin da ya sa makarantu da yawa suke taƙaita girki ko hana shiga da gas ɗakunan kwana, kuma wajibi ne ɗalibi ya bincika dokar wurin da zai zauna kafin ya kashe kuɗinsa. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasa yake kwantawa, daidai inda ɗalibi yake shimfiɗa katifarsa. Warin da ake ji an zuba masa ne da gangan domin a gane yoyo, saboda haka duk wanda ya ji shi ya rufe makunni, ya buɗe ƙofa da taga, kada ya ƙyasta ashana ko ya taɓa makunnin lantarki. Ana gwada mahaɗar kan murhu da ruwan sabulu, inda kumfa ta riƙa tashi nan ne matsalar take, kuma galibi 'yar robar da ke bakin silindar ce ta gaji, sauya ta ba ya cin kuɗi. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta ƙayyade wa silinda shekara 15, kuma ana buga shekarar ƙira a jikinta. Wannan ne ya sa ba na goyon bayan sayen ta hannu daga ɗaliban da suka kammala, sai idan shekarar tana karantuwa sarai kuma babu tsatsa ko lotsawa a gindinta, domin sabon fenti yana ɓoye abubuwa da yawa.

Ga ɗalibin da yake zaune shi kaɗai, ko yake yawan sauya masauki, mai kilo uku ta isa. Idan kuwa mutum biyu ko uku ne suke haɗa tukunya, mai kilo shida ta fi dacewa, domin gindinta ya fi faɗi, tana ɗaukar tukunya mafi girma, kuma an rage zirga-zirgar zuwa cikawa, da sharaɗin su yi yarjejeniya tun farko a kan yadda za a raba kuɗin gas da kuma wanda zai tafi da silindar idan zama ya ƙare. Wanda ya san ba zai taɓa jiƙa wake ba, shayi da taliyar leda kaɗai zai riƙa dafawa, gara ya riƙe kuɗinsa ya nemi mai garau-garau mai tsafta a bakin makaranta ya zama abokin cinikinta.