Gargaɗi: babu dokar da ta ƙayyade kuɗin filinka, ƙaryar dillalai ce

Miliyan 4 da rabi aka ba ni. Kafin watan ya mutu an sayar da filin miliyan 9. Miliyan 9, jama'a! Fulotin gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, a Birnin Kebbi kan hanyar Kalgo, wajen da filaye suka yi daraja tun zuwan jami'ar tarayya. Kuma har la'ada na ƙirga na ba dillalin, dubu 200, ina yi masa godiya.

Ba baƙo ba ne. Sahu ɗaya muke sallah, ya zauna zaman makokin Baba. Zamansa kan tabarma a zaurena ya ƙi fita daga raina, yadda ya zaro takarda daga aljihun gaba ya ce, "Malam, ni ba zan cuce ka ba, Baba ubana ne. Gwamnati ta sa iyaka yanzu, fuloti a layin nan ba ya wuce miliyan 5. In ka wuce, gwamna ba zai sa hannu ba, ƙarshenta ma a soke takardar." Ga tambari a sama, ga hatimi a ƙasa. "Baba ubana ne." Wallahi da bakinsa ya faɗa.

Kada wani ya zo yana ce mini ban yi bincike ba. Ni ba jahili ba ne. Na san Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, na san ƙasa amana ce a hannun gwamna, takardar mallaka ta shekara 99 ake bayarwa, kuma sai da yardar gwamna ake mayar da ita sunan wani. Duk wannan gaskiya ne, shi ya sa maganar ta shiga. Ƙarya guda ya cusa cikin gaskiya, wa zai gane? Har uzurin da nake da shi ya sani, auren ƙanwarmu ya matso.

Lauyan da na gani daga baya dariyar takaici ya yi. Ya ce sashe na 22 na dokar maganar yardar gwamna yake yi, bai ambaci farashi ba. Sashe na 28 ne na soke mallaka, shi kuma sai don buƙatar jama'a, kamar hanya ko asibiti, ko in ka saɓa sharuɗɗan takardar. Ba a soke fili don ka sayar da tsada. Ƙimar da jami'an filaye ke yi kuwa don lissafin kuɗin rajista da haraji ce, ba iyaka ba ce. Abinka ne, ka yi masa kuɗi, mai saye ya taya, in an daidaita ka sallama. Ko a addini, lokacin da aka roƙi Manzon Allah (SAW) ya ƙayyade farashi a Madina bai yi ba, ya ce Allah ne mai sanya farashi.

Tun kafin zuwa wurin lauya ma na gano, wai ashe "Alhajin" da dillalin ya kawo a matsayin mai saye ƙanin matarsa ne. Babbar riga suka sa masa. Ni ban sani ba sai da mai saye na gaskiya, bawan Allah daga Jega, ya biyo ta wurin mai unguwa yana tambayar iyakar filin, yake cewa miliyan 9 ya biya. Tun kafin a zo zaurena sun gama ciniki da shi. Wato ranar da yake cewa Baba ubansa ne, miliyan 4 da rabi ɗin da za su ci tana lissafe a kansa. Yanzu in na kira, waya a kashe. A masallaci ma ya sauya sahu, daga baya ya sauya masallacin.

Hoton takardar bogin yana hannuna, da hirarmu ta WhatsApp, da muryarsa da ya turo, da saƙon banki. Zan sa su duka da zarar lauya ya ce in sa, shi ne ya hana ni kama suna tukuna.

Duk dillalin da ya ce maka doka ta sa iyakar farashi, ka ce ya faɗi sashen, ka kai takardar ma'aikatar filaye da ƙafarka. Ka ga mai saye ido da ido, ba dillali a tsakani.

Kai kuma na san kana karantawa. La'adar dubu 200 ma sai ka dawo da ita, mu haɗu gaban alƙali.